Lasifikar da ta cika fili ta kasa cika kunnen Baba

Tun kafin azumi ya kama nake da niyyar canza wa Baba abin sauraro. Shekara uku ke nan idonsa ya yi rauni, ko Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe ba ya iya bi, duk karatunsa ya koma kunne. Ƴar rediyon da yake fama da ita, irin wadda ake sa wa memori, ta gaji. Murfin batirinta da robar tayar keke muke ɗaure shi, in kuma aka ɗauke kuran da dare ba ta kai shi sahur. Da ɗinkin Salla ya fara shigowa, ƴan kuɗi suka taru a hannuna, na ce bari in yi wa tsohon nan abin kirki.

Na tafi layin masu kayan lantarki a bakin babbar kasuwa. Ba zan ambaci shagon ba, ba zan ambaci sunan da ke manne a jikin kayan ba, don a ganina waɗannan bafil, wato manyan akwatunan lasifika masu batir, masu taya biyu da hannun ja duk uwa ɗaya ta haife su, suna kawai ake sauya musu. Kun san su, kun san kuɗinsu, wasunku ma suna da su a ɗaki. Tawa mai inci 12 ce. Yaron shagon ya haɗa ta da wayarsa, bai murɗa ko rubu'in maɓallin ba sai da masu wucewa suka juyo. Mai shagon ya ce, "Ka ji ko, maigida? Wagga ba ta cin batir. Ka caja ta yau, sai jibi ka sake tunawa da ita." Ya nuna mini kwali, an rubuta 3000W da manyan jajayen lambobi. A ƴar takardar da ke bayanta kuma an sa 96dB, wanda a ranar ban san abin da yake nufi ba. Tambaya biyu na yi masa, ƙara da batir, kuma duka biyun gaskiya ya gaya mini. Ta ukun, wato yadda muryarta take in an rage ta ƙasa-ƙasa, wadda ita ce ta fito da ni daga gida, ba ta zo mini a baki ba. Ko da ta zo ma, ina mutum zai ji murya ƙasa-ƙasa a wurin da kabu-kabu ke hon, adaidaita na kuka, shagon hagu da na dama kowa ya saki tasa?

Gidanmu a unguwar Bagalam yake, cikin Maraɗi, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta ta kowane gefe. Azumin ya faɗo cikin zafi, ba mai iya kwana a ɗaki, kowa ya fito da tabarma da gidan sauro tsakar gida. In wani ya yi tari a gidan maƙwabci sai ka ji. Maiɗakina kuma ko arba'in ba ta yi ba. Baba yakan tashi wajen ƙarfe 2 na dare, ya yi nafilarsa, ya zauna da tafsiri har a tashi sahur. Muryar da za ta ishe shi shi kaɗai nake nema, ba wadda za ta ishi unguwa ba.

Daren farko da kaina na kunna masa. Tun malam bai buɗe baki ba na ji wani huci, shiiii, kamar tayar da ta taka ƙusa. Na mayar da maɓallin ƙara can ƙarshen hagu, hucin yana nan. Na sa memori na fara murɗawa a hankali: shiru, shiru, sai ƙara ta zabura ta wuce abin da nake so. Na dawo da shi da kamar kaurin zaren ɗinki, ta ɓace gaba ɗaya. Hannuna ya saba da allura, amma sai da na yi kusan minti biyar kafin in samu tsakiya. Da na samu kuma, muryar da ta fito ba ta malamin da na sani ba ce. Kaurinta ya tafi, ta koma siririya kamar mai magana daga cikin gwangwani, ga hucin nan zaune a kanta. Baba ya karkata kai ya saurara, can ya ce, "Mi ya ce? Sara ko shara?" Na maimaita masa. Ba a jima ba ya sake tambaya. Da mai jan baƙi ya ja aya sai na ga leɓensa na motsi, yana cike abin da kunne bai kamo ba daga haddarsa, ya ce da ni sin da sodi duk sun zama abu ɗaya. Ƴar rediyon nan mai ɗaurin roba ba ta taɓa sa shi ya tambaye ni haka ba.

Duk da haka bai yi ƙorafi ba. Albarka ya yi ta sa mini, ya ce na yi ɓarnar kuɗi a kansa. Kwana huɗu yana haƙuri da ita don kawai ɗansa ne ya sayo.

Dare na biyar ne ya sa nake wannan rubutu. Na baro shago wajen ƙarfe 1, na kwanta kamar an jefa ni. Ni na daidaita masa ƙarar kafin in kwanta, na nuna wa yatsansa maɓallin tsayarwa. Ashe can cikin dare ya so ya tsayar ya sake alwala, ya laluba, maɓallan kuwa jere suke, girma ɗaya, ba wanda ya fi wani tudu. Ya danna na kusa da shi, wanda ke sauya ta daga memori zuwa Bluetooth. Sai muryar wata mata ta fashe da Turanci, da iyakar ƙarfin da bafil ɗin yake da shi, ba ruwanta da inda na ajiye maɓallin ƙara. Ya firgita ya sake dannawa, ta sake yin wata sanarwar. Jaririya ta tsala ihu. Awakin bayan katanga suka ɗauka. Na ji maƙwabcinmu ya yi salati da ƙarfi, ya ɗaga murya ta saman katanga yana tambayar ko lafiya. Na taso a guje ba takalmi, na tarar da Baba a durƙushe ya ɗora tafukan hannunsa biyu a fuskar lasifikar, kamar wanda ke toshe bakin yaro.

Na ce, "Sannu Baba, bari in kashe."

Ya ce, "Ɗauke ta, ɗan nan. Ba ni tada ma mutane barci da sunan ibada."

Da gari ya waye bai gaya mini ba, ya sa jikansa ya riƙe masa sanda har zauren maƙwabcin, ya je ba da haƙuri. Dattijon da ya haura 80, wurin mutumin da sa'an ɗansa ne. Maƙwabcin mutumin kirki ne, kunya ma ta kama shi, ya rako shi har ƙofa yana cewa wallahi ba komai Baba. Amma ni abin ya tsaya mini a maƙogwaro, har yanzu bai wuce ba. Wanda ya ƙera abin da zai yi magana da kansa ya kamata ya san akwai gidajen da ake kwana a waje, akwai kuma hannun da ba ido ke jagorantarsa ba.

Da hantsi na ja ta zuwa shagon. Na ce, "Alhaji, kayan nan ba su yi mini ba." Ya kunna, ya murɗa, layin ya ɗauka, ya ce, "To ina ciwon?" Na ce ya rage. Ya rage, cikin hayaniyar kasuwa daga ni har shi ba wanda ya ji huci. Ya ce kaya in sun fita sun fita, sai dai in ina so in cika kuɗi ya ba ni mai inci 15. Na rasa abin da zan ce masa, na jawo abata na fito.

Wani abokin sana'a ne ya tura ni wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Shi ne mutum na farko da ya rufe ƙofa kafin ya kunna ta. Ya saurara, ya miƙa hannu ya mayar da maɓallin makirfo da na amsa-kuwwa zuwa sifili, nan take kusan rabin hucin ya tafi. Ashe tun daga shago a buɗe suke, suna zuba nasu hucin ko ba a jona makirfo ba. Wanda yake da irin wannan bafil ya fara duba waɗannan biyun kafin ya kai ta gyara. Sauran hucin kuwa ya ce na amfilifayar ciki ne, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai lasifika, haihuwarta ke nan. Ya ce, "Malam tela, doki mai zafi ka sayo. Ɗan taɓa linzami ya zabura. A filin sukuwa ba kamarsa, amma ba shi ne za ka ɗora ma tsoho ya zaga gida ba." Ya nuna mini babbar lasifikar da ƴar ƙaramar da ke samanta mai bakin ƙaho, ya ce an yi su ne don muryoyinsu su haɗu a kunnen wanda ke tsaye nesa, in ka zauna gab da su, ƙahon ne yake fara soka maka kunne.

Ƙanena yana karatun kimiyya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ya raka ni ranar, shi kuma ya warware mini lambobin a bayan takardar awon wani kwastoma. Wannan 96dB ɗin, wato desibel 96 a ma'aunin ƙarfin ƙara, in lambar gaskiya ce, ita ce ƙarar da lasifika za ta bayar in aka ba ta wat 1 aka tsaya mita 1 a gabanta. Na ɗaki da yawa tsakanin 85 da 88 suke. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat, ƙarin desibel 10 kuwa sai wat sau goma. Ke nan abin da tawa za ta yi da wat 1, mai 86 sai ta sha wat 10 kafin ta yi shi. Sirrin batirin da Alhaji yake yabo ke nan, ba ƙarya ya yi ba. Amma hirar mutum biyu wajen desibel 60 take, Baba kuma abin da yake so da dare bai ma kai haka ba, a ce 56. Daga 96 zuwa 56 desibel 40 ne, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na wat ɗaya. A wannan ɗan tsukin nake ta fama da maɓalli a daren farko. Kuma yadda lasifikar ke ɗaga muryar malam da ɗan abu kaɗan, haka take ɗaga hucin amfilifaya, ba ta bambancewa. Ni an nuna mini wat 3000, alhali duk rayuwar abin a gidanmu a cikin ƙurar wat ɗaya take.

Wat 3000 ɗin ma da dattijon ya kwance bayanta muka ga gaskiyarsa. Batirin ciki mai bolt 12 ne, amfiya-awa 7. Ƙanena ya buga 12 sau 7, ya samu 84, wato wat 84 batirin zai iya bayarwa na awa ɗaya. In da gaske wat 3000 take ja, ko minti biyu batirin ba zai yi ba.

Kaurin muryar da ya ɓace kuwa, ƙanena ya ce rabin laifin na kunnen ɗan Adam ne. Tun 1933 wasu masana biyu, Fletcher da Munson, a ɗakin binciken Bell a Amurka, suka auna suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa kunne ya fi saurin sakin amo mai kauri, ya riƙe na tsakiya. Inda kunne ya fi kaifi shi ne wajen girgiza 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa. Shi ya sa kalangu ko muryar namiji kan rame in an rage rediyo, ko wace iri ce. Tsufa kuma daga sama yake fara ci, siraran sautuka yake fara ɗaukewa, a can kuwa su "s" da "sh" da "f" da "ts" suke zaune. Hucin nan ma a can yake zaune. Sara, shara, fara, tsara: abin da ya raba su ɗan kaɗan ne a bakin kalma, kunnen Baba da ma da ƙyar yake kamo shi, ni kuma na kawo abin da ya zuba masa ƙasa a kai.

Sai dattijon ya yi abin da ya rikita mini hukunci. Ya cire wayoyin lasifikar daga amfilifayarta, ya jona su da wata tsohuwar amfilifaya mai nauyi da ke ƙarƙashin teburinsa, irin ta da, mai wani maɓalli da aka yi musamman don sauraron ƙasa-ƙasa, wanda ke mayar da kaurin da kunne ya saki. Ya sa memorin Baba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Huci ya kusa ɓacewa, muryar malam ta dawo da jikinta, ana jin numfashin mai jan baƙi tsakanin aya da aya, kuma ƙarar ba ta fi ta raɗa da yawa ba. Lasifika ɗaya, akwati ɗaya. Ke nan saurin amsawar ba shi ne aibin ba, in ta samu mai ba ta abu mai tsabta sai ta ba ka mai tsabta. Masu haɗa ta ne suka zuba kuɗin a girman akwati da fitilu masu juyawa, suka tsuke hannu a kan abin da ba a gani. Na so in sayi tsohuwar amfilifayar, amma da kuran take aiki, ba ta da batir, kuma ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya sa wa ƴar ƙahon wani ɗan abu da suke kira rezistans don ya rage mata kaifi, ya mayar da murfi, ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba.

Bayan Salla aka yi sunan ɗan yayana a Tibiri, aka ce in zo da ita. Can na ga abin da aka yi ta dominsa. Tun safe aka ajiye ta gindin bedi, da ita aka yi addu'a, da ita sanƙira ya yi shela, mata suka karɓe ta da yamma, ba a jona ta da wuta ko sau ɗaya ba, har muka loda ta a mota tana da sauran caji. Na ƙarshen rumfa yana jin liman kamar na gaba. Mutum uku suka tambaye ni inda na saya, na kuma gaya musu ba tare da na ɓata ta ba. A hanyar dawowa har na ce a raina kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni ne na kai kayan fili cikin gida. Mai wa'azi, mai tallan magani, makarantar allo mai walima, mai haya don biki, duk wanda abinsa a sarari yake kuma wuta ba ta da tabbas, ba zan hana shi saye ba.

Amma da muka iso gida na kunna ta don in ga sauran caji, matar nan ta sake ƙwala sanarwarta, na ga Baba ya zabura a kan tabarma, duk yabon da na ɗauko daga Tibiri ya zube. Na koma wurin dattijon kan wannan kaɗai, ya ce muryar a cikin ƙwaƙwalwar na'urar take, ba wayar da zai yanke ya raba ta da sauran. Maɓallin ƙarar ma har gobe haka yake, daga shiru sai tsalle. Kuma me zai hana mai shago ya tambayi mutum inda zai yi amfani da kaya? Ni in aka kawo mini yadi sai na tambaya na Salla ne ko na zaman shago, don ɗinkin ba ɗaya ba ne. Na gaya masa da bakina cewa wa tsoho zan saya. Ya ji, ya nuna mini 3000.

Yanzu wata ƴar ƙarama Baba yake amfani da ita, ba ta fi gwangwanin madara biyu ba. Wannan karon aro na fara yi wurin wani abokina, na kwana da ita tsakar gida, na saurara ƙarfe 2 na dare kafin in sayi irinta. Ba ta da ƙarfi, in yara suna wasa da rana sai an ƙure ta, in an ƙure ta kuma murya ta fashe batir ya zube. Kullum sai an caja ta. Amma ba ta huci, ƙararta tana hawa daki-daki, kuma ana iya ajiye ta gefen matashi. Wannan na ƙarshen ya fi komai, don a sarari duk ninkin nisa yana rage desibel 6. In tana rabin mita daga kunnensa, kafin ta kai mita 8 inda maƙwabci yake kwance ta sauka da 24, ban da abin da katanga ta tare. Babbar ba ta ajiyuwa a gefen matashi, mita 2 muke sa ta, 12 kawai take sauka. Na ɗiga masa ɗan gam a kan maɓallin tsayarwa ya bushe ya yi tudu, yatsansa yana gane shi.

Babbar tana wurin yayana, ana ɗaukarta haya. Baba kuwa tun daren nan bai koma sauraro yadda ya saba ba. Ƴar ƙaramar ko ni da nake kwance taku biyar daga gare shi da ƙyar nake jinta, amma kullum kafin in kwanta sai ya ce, "Ka rage ta dai ko?" In na ce na rage, sai ya sa yatsa ya ƙara ragewa. Shekaranjiya na farka cikin dare na gan shi ya ɗauke ta daga gefen matashi ya manna ta a kunnensa, na matsa na ce, "Baba, ƙara mata kaɗan mana, ba mai ji." Ya girgiza kai, ya nuna katanga.